Dogaye biyu ko gajeru huɗu: wa ke cin allo a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka?

Abba Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, sai na sake kallon wasan ƙarshe na 2024, UConn da Purdue, wanda muka kalla kai tsaye cikin azumi har ya kusa kai mu sahur. Abin da na gani shi ne abin da nake faɗa muku kullum kuna min dariya: zamanin gajeru ya wuce. Purdue da Zach Edey ta zo, ƙafa 7 da inci 4. UConn da Donovan Clingan ta zo, ƙafa 7 da inci 2. Shekarar da ta biyo baya Florida ta ɗauki kofi da dogaye huɗu tana juya su bibbiyu, ciki har da ɗan ƙasarmu Rueben Chinyelu. In ni ne koci, dogaye biyu ba sa fita daga fili sai dai in numfashi ya ƙare musu. Wanda ya mallaki allo shi ya mallaki wasa. Mai ja ya ja.

Sadik Gajere: Wa alaikumus salam. Na ja. Fairleigh Dickinson, 63 da 58. Na gama magana.

Abba Fagge: Na san dama kai za ka fara fitowa, sunanka ma ya nuna ɓangarenka.

Sadik Gajere: Gajere ba yaro ba ne, Malam Abba. A Maris na 2023 ƙungiyar da ta fi kowacce gajarta a duk rukunin farko na jami'o'in Amurka ita ta kori Purdue a zagayen farko, Edey ɗin yana cikin fili yana kallo. Lamba ta 16, ta ƙarshe a jerin ƙarfi na rukuninsu, ta kayar da lamba ta 1, karo na biyu ke nan a tarihin gasar maza. Ina tsawon ya tafi ranar?

Musa Damagaram: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni sabon shiga ne, ƙwallon ƙafa na sani. Cin allon nan da kuke cewa shi ne ribaun? Kuma me ya sa ake rigima a kansa haka, tunda ba a ba da maki in mutum ya yi shi?

Koci Sale: Barka da zuwa Malam Musa. E, shi ne. In an jefa ƙwallo ba ta shiga ba, ta bugi zobe ko allo ta dawo, wanda ya cafke ta ya yi ribaun. Iri biyu ne. Akwai na gida, wato abokin karawa ya jefa ya ɓarar, ku kun kwashe. Akwai na waje, wato ku kuka jefa kuka ɓarar, kuma ku kuka sake kwashewa a ƙarƙashin kwandonsu. Ba maki a kansa kai tsaye, amma na gida yana kashe musu hari, na waje yana ba ku jifa na biyu a banza. Kamar a ƙwallon ƙafa gola ya amayar da ƙwallo ɗan gabanku ya bi ta.

Amma Sadik, misalin nan naka ka riƙe shi da kyau, don yana iya juyowa ya sare ka. Ba a allo Purdue ta faɗi ranar ba. Edey ya ci maki 21, ya kwashi ribaun 15, aikinsa ya yi. Abin da Tobin Anderson, kocin Fairleigh Dickinson, ya yi shi ne ya tara yara biyu, uku a jikin Edey, ya bar sauran a buɗe, ya ce ku jefa in kun isa. Suka jefa na maki uku sau 26, guda 5 suka shiga. Ga kuma ƙwallon da suka riƙa zubarwa saboda yaran can sun matsa musu tun daga can baya. Dogo ya yi nasa, waɗanda ke kewaye da shi ne hannu ya yi sanyi.

Sadik Gajere: To ai maganata ke nan Koci. Ka ci allo ka sha kashi.

Abba Fagge: A'a, maganata ce. Dogo bai yi laifi ba.

Hauwa Lissafi: Ku biyun duk kuna faɗa a kan ƙidayar da ba ta da amfani sosai. Yawan ribaun kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san sau nawa aka ɓarar. Bari in ba da misali na ƙirƙira don a gane. Ƙungiya ta farko ta ɓarar da jifa 40, ta kwaso 12 daga ciki. Ta biyu ta ɓarar da 25, ta kwaso 10. A takarda ta farko ce a gaba, 12 da 10. Amma ta farko kashi 30 cikin 100 ta kwato, ta biyu kashi 40. Wadda ba ta iya jifa ba ita ce ke samun damar tara ribaun ɗin waje, don ita ke yawan ɓararwa. Shi ya sa masu bin alƙaluma irin su Ken Pomeroy ba sa kallon jimla, kaso suke kallo.

Kuma Dean Oliver, shi ma mai bin alƙaluma, da ya kasa abubuwan da ke kawo nasara gida huɗu, ga yadda ya auna su: iya jifa kashi 40, rashin zubar da ƙwallo 25, ribaun 20, jifan fawul (jifan da ake ba wanda aka yi wa laifi, ba mai tare shi) 15. Ribaun na uku ne a layi, Yaya Abba. Yana da muhimmanci, amma ba shi ne sarki ba.

Abba Fagge: Hauwa ke kullum sai kin mayar mana da wasa aji. Ni da ido nake kallo.

Hauwa Lissafi: To mu koma ido. Ka kalli Houston da Duke a wasan kusa da na ƙarshe na 2025?

Abba Fagge: Kada ki tuna min.

Hauwa Lissafi: Sai na tuna maka. A shekarar babu ƙungiyar da ta kai Duke tsawo in aka haɗa aka raba. Suna da Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu, ƙafa 7 da inci 2. Ribaun nawa ya yi a wasan? Sifili. Ko ɗaya. Duke tana gaba da maki 14 saura kamar minti takwas, amma duba yadda ƙarshen ya kasance. Houston ta ɓarar, Joseph Tugler ya taso ta sama ya danna ta ciki, tazara ta koma maki ɗaya. Aka yi wa Tyrese Proctor na Duke fawul, ya jefa na farko bai shiga ba, wajen kokawar ribaun ɗin alƙalin wasa ya busa wa Cooper Flagg na Duke cewa ya hau bayan J'Wan Roberts na Houston. Roberts ya je ya zuba biyu. Aka tashi 70 da 67. Abu biyun da suka juya wasan duk a ƙarƙashin kwando aka yi su, kuma gajerun ne suka ci.

Nura Indiyana: Wannan busan na Flagg har yau a nan ana musu a kansa. Ni ina ganin an yi masa tsauri. Amma ko an yi ko ba a yi ba, Roberts ne ya riga shi tsayawa a wurin, shi ya sa alƙali ya samu abin busawa.

Baba Ɗanladi: Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Amma kada ku kira Tugler gajere. A tsaye ƙafa 6 da inci 8 ne, in ya buɗe hannuwa kuwa ya kai ƙafa 7 da rabi. Mu da gaba muke auna igiyar guga, ba da tsayin mai jan ruwa ba. Da hannu ake kama ƙwallo, ba da ƙoƙon kai ba. Yaro mai dogon wuya da gajerun hannuwa tsawonsa na hoto ne.

Tunda an zo Houston bari in ba ku na da, lokacin yawancinku ba a haife ku ba. 1983, wasan ƙarshe, Houston da NC State. Houston tana da Hakeem Olajuwon, yaron Legas, da Clyde Drexler, kowa ya gama ba su kofi. Ana 52 da 52, lokaci na ƙarewa, Dereck Whittenburg na NC State ya wurgo ƙwallo daga nesa ƙwarai. Ko zobe ba ta kai ba. Abokin wasansa Lorenzo Charles yana tsaye a ƙarƙashin kwando ba kowa a jikinsa, ya kama ta a iska ya zura. 54 da 52. Hakeem, wanda ya fi kowa iya tsaron wurin nan a ƙasar gaba ɗaya, ya ɗan matsa gaba, taku biyu kacal. Shi aka ba gwarzon gasar duk da an cinye su, amma kofi ya tafi. Mu nan sai daga baya muka gani a kaset, wani ɗan'uwa ya kawo, mun kalla har kaset ɗin ya fara cin zare.

Sadik Gajere: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan kaset da yana nan da mun sa shi a gidan tarihi.

Abba Fagge: Baba, da girmamawa, wannan kuskuren daƙiƙa ɗaya ne. Ba zai sa a ce gara ba ka da Hakeem ba.

Baba Ɗanladi: Ban ce haka ba, ɗana. Kowa na son Hakeem. Cewa na yi wurin tsayuwa ya riga tsawo.

Koci Sale: Bari in ɗora a kan ta Baba, don nan ne aikin yake. Ribaun ɗin gida ba tsalle ba ne. Da zarar ƙwallo ta bar hannun mai jifa, kada ka kalle ta. Nemo mutuminka, ka taɓa shi da hannu ka san inda yake, ka juya ka sa masa baya, ka ƙanƙame ƙasa da ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa sama. Sannan ka nemi ƙwallo. Yaro mai ƙafa 6 da inci 5 mai faɗin ƙugu, in ya sa wa mai ƙafa 7 baya tun da wuri, dogon ba shi da abin yi sai ya hau shi, in ya hau kuma fawul ne. Ku nemi wasan Pittsburgh da UConn na Fabrairun 2009. DeJuan Blair ƙafa 6 da inci 7, Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya ƙafa 7 da inci 3. Blair ya tashi da maki 22 da ribaun 23, har akwai inda suka riƙe ƙwallo tare ya juyo da Thabeet ta bayansa ya kai shi ƙasa kamar a dandalin kokawa. Oscar Tshiebwe na Kentucky, yaron Lubumbashi, ƙafa 6 da inci 9 ne, amma a kakar 2021 zuwa 2022 sama da ribaun 15 yake kwasa a kowane wasa. Kenneth Faried ƙafa 6 da inci 8, shi ya karya tarihin Tim Duncan na yawan ribaun a 2011.

Kuma ba da baki kociyoyin nan suke koyar da shi ba. Tom Izzo na Michigan State yana da atisayen da yake kira yaƙi, biyar a ciki biyar a waje, a jefa ƙwallo a ga wanda zai fito da ita, har ya taɓa sa wa yaransa hular kwano da sulken ƙwallon Amurka. Kelvin Sampson na Houston murfi yake sa wa zobe a wajen atisaye don kada ƙwallo ta shiga ko ɗaya, kowane jifa sai an yi kokawarsa. Ni ma na kwaikwaya. Murfin tsohuwar robar fenti na samu, na huda shi na ɗaure a zobe da waya. Ranar farko yara biyu suka fasa leɓe, ɗaya ya tafi gida yana cewa shi ƙwallo ya zo koya ba dambe ba. Bayan sati uku ya dawo da kansa.

Hauwa Lissafi: Koci a ƙara da Tshiebwe: ranar da Saint Peter's ta kore su a zagayen farko ya ci maki 30 da ribaun 16. Irin na Edey sak.

Musa Damagaram: To ni tambayata, in ribaun ɗin waje yana ba da jifa na biyu a banza, me zai hana duk biyar ɗin su ruga ƙarƙashin kwando duk lokacin da aka jefa?

Koci Sale: Yauwa. Malam Musa kai da ka ce sabon shiga ne ka yi tambayar da ta fi ta kowa. Abin da zai hana shi ne in ba ku samu ba, bayanku a buɗe yake. Na sha wannan da kaina. Wata shekara mun je wasan sada zumunta da wata makaranta, ina da dogaye biyu ina ji da su, na ce wa yarana mutum huɗu su riƙa faɗawa allo. Kashin farko mun kwashi ribaun kamar ba gobe, ina ta murna. Kocinsu ya lura. Da aka dawo hutu ya ce wa wani ɗan siririn yaro, da zarar mun ɗaga hannu za mu jefa shi kada ya jira komai, ya zura da gudu. Duk wadda suka kwasa sai su wurga masa ta sama. Na ƙirga sau shida yana zuwa kwando shi kaɗai, dogayena suna tsakiyar fili suna haki, hannu a ƙugu. Muka yi biyu babu, ba ribaun ba tsaro. A mota ba wanda ya ce uffan har muka iso.

To wannan cinikin shi kowane koci yake yi. Mutum nawa za ka aika, mutum nawa za su koma. Roy Williams lokacin da yake North Carolina dogaye biyu yake sakawa kuma yana aika mutane da yawa. Tony Bennett lokacin da yake Virginia kusan haƙura yake da ribaun ɗin waje, da an jefa yawancin yaransa sun juya gida sun kafa katanga. Wancan ya ci kofi a 2017, wannan ya ci a 2019. Shekara biyu tsakani, hanya biyu masu kishiyantar juna.

Abba Fagge: Na gode Koci da ka kawo 2017 da bakinka. North Carolina da Oregon, wasan kusa da na ƙarshe, 77 da 76. Saura daƙiƙa kusan shida Kennedy Meeks na North Carolina ya ɓarar da jifan fawul biyu, Theo Pinson ya doke ta baya ta faɗa hannun nasu. Aka yi wa Joel Berry fawul, shi ma ya ɓarar da biyu, Meeks ya sake kwashewa. Jifa huɗu a jere ba wanda ya shiga, amma Oregon ba ta ƙara taɓa ƙwallo ba. Jordan Bell na Oregon yana kuka bayan wasa. In wannan ba ƙarfin manya ba ne mene ne?

Nura Indiyana: Pinson ba santa ba ne fa, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, ɗan gefe ne. Kuma Bell ne a ciki, shi ke da wuri mai kyau duka biyun, bai sa baya ba ne. Shi da kansa ya ɗauki laifin.

Hauwa Lissafi: Abin dariyar ma, Virginia da ba ta damu da ribaun ɗin waje ba, shi ya cece ta a 2019. Da Purdue a zagayen 'yan takwas, Ty Jerome ya ɓarar da jifan fawul na biyu, Mamadi Diakite ɗan Gini ya doke ta can baya, Kihei Clark, wanda bai kai ƙafa 6 ba, ya bi ta har ƙetaren tsakiyar fili ya dawo wa Diakite da ita, ya jefa ta shiga aka tafi ƙarin lokaci. Dogo ya taɓa, gajere ya kwaso. A rubuta wa wa?

Sadik Gajere: A rubuta mana.

Admin Bello: Jama'a ana jin daɗin muhawarar. Tunatarwa kawai, wanda ya turo tallan takalma ɗazu na goge, ranar Asabar ce ranar talla.

Nura Indiyana: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne babbar matsalar dogaye biyu a wasan yau. Ba gudu kaɗai ba ne, fili ne. In kana da dogaye biyu da ba sa jifa daga nesa, masu tsaronsu ma suna nan ƙarƙashin kwando tare da su, mutum huɗu a ɗan wuri ɗaya, mai ƙwallo ba shi da hanyar shiga. In kuma ɗaya ɓangaren suna da biyar masu jifan uku, dole dogonka ya fito ya bi nasa. Abin da Villanova ta yi wa Kansas ke nan a 2018. Kansas tana da Udoka Azubuike, ɗan Najeriya, ƙafa 7, ƙato na gaske. Jay Wright, kocin Villanova a lokacin, ya sa Omari Spellman da Eric Paschall suka tsaya a waje suna jifa. In Udoka ya fito, ƙarƙashin kwando ba kowa. In ya zauna, a zuba musu. Na maki uku 18 suka ci a daren, 95 da 79. Dogon da aka jawo shi taku ashirin daga allo, ribaun ɗin wa zai kwasa?

Sannan jifan nesa in ya ɓaci nesa yake faɗawa. Ba ya sauka a hannun santa, can wajen layin fawul yake tsalle, inda 'yan baya suke. Yawan jifan uku ya mayar da ribaun aikin kowa.

Abba Fagge: Wannan Jay Wright ɗin dai shi ne ya saka 'yan baya huɗu a 2006, ko? Randy Foye, Allan Ray, Kyle Lowry, Mike Nardi. Ƙasa ta ɗauka, ana ta yabo. Suka haɗu da wa a zagayen 'yan takwas? Florida mai Joakim Noah da Al Horford. 75 da 62. Aka mayar da su gida, Florida ta ci kofin, ta sake ci a 2007.

Nura Indiyana: Gaskiya ne, kuma ba da son ransa ya yi ba, Curtis Sumpter ne ya ji ciwo a gwiwa. Amma Noah da Horford ai ba irin dogayen da ake jira su iso ba ne. Suna gudu, suna ba da ƙwallo, Noah har da kansa yake tuƙo ta daga baya. In irin waɗannan kake nufi, kowa ma yana so. Nawa ne a duniya?

Baba Ɗanladi: Dokar ma ai ta canza, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Lokacin Hakeem babu agogon jifa a gasar, wato mai ƙayyade lokacin da dole a jefa ƙwallo, babu layin maki uku. Agogo ya zo a 1985 da daƙiƙa 45, layin uku ya zo a 1986. A da in ka samu dogo ka ajiye shi a ƙarƙashin kwando ka gama aiki.

Hauwa Lissafi: Haka ne Baba. Agogon ya sauko 35 a 1993, ya sauko 30 a 2015. A 2019 aka ja layin uku baya ya koma daidai da na ƙasa da ƙasa, mita 6.75, kuma aka ce in ka yi ribaun ɗin waje agogo 20 zai koma, ba 30 ba. A tsakiyar shekarun 2000 ƙungiyoyi suna kwato fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da suka ɓarar, daga baya ya sauko ƙasa da kashi 30, don kociyoyi da yawa sun zaɓi komawa gida. Ni kuma a nan nake ganin dama. In kowa ya saba ba a zuwa masa allo, ranar da ya haɗu da masu zuwa bai san yadda zai yi ba. Baylor ta nuna haka a wasan ƙarshe na 2021. Gonzaga ta zo ba a taɓa cin ta ba duk kakar. Mark Vital na Baylor, ƙafa 6 da inci 5, shi ya fi kowa ribaun a filin, 11, yawanci na waje. Tun minti biyar na farko wasan ya karkace, aka tashi 86 da 70.

Abba Fagge: To amma Houston ɗin da kuke ta yabo, kwana biyu bayan Duke me ya faru? Suna gaba da 12 a kashi na biyu, Florida ta kamo su, 65 da 63. Harin ƙarshe ko jifa ba su samu sun yi ba.

Hauwa Lissafi: Wannan kuma ya koma kan kashi 40 da 25 ɗin da na faɗa ka ce na mayar da wasa aji. Zubar da ƙwallo ne ya kashe su a minti na ƙarshe, ba allo ba.

Koci Sale: Abba bari in ba ka abin da yake naka, don kana da gaskiya a wani wuri amma ba inda kake nuna yatsa ba. Koma ka sake kallon wasan 2024 ɗin a karo na uku, wannan karon ka bar Edey da Clingan, ka kalli sauran. Tristen Newton ƙafa 6 da inci 5, Stephon Castle 6 da 6, Cam Spencer 6 da 4, Alex Karaban 6 da 8. A can kuma Braden Smith mai riƙe wa Purdue ƙwallo ƙafa 6 ne. Dan Hurley, kocin UConn, ya yi akasin abin da Fairleigh Dickinson ta yi: ya bar Edey da mutum ɗaya, ya ce ci iya cinka, sauran kuma aka manne musu. Purdue da ke cikin waɗanda suka fi kowa iya jifan uku a shekarar, sau 7 kawai ta samu jefawa, 1 ta shiga. Edey ya ci 37, ƙungiyar gaba ɗaya 60, UConn ta ɗauki kofi. Kuma duk ƙwallon da ta yi tsalle nesa da hannun Edey, 'yan bayan UConn sun fi nasu tsawo da ƙarfi a wurin. Tsawo ya yi aiki a daren, amma wanda aka baza a wurare biyar, ba wanda aka tara a mutum ɗaya ba.

Florida ta 2025 ma haka. Amfanin dogaye huɗu ba wai a cika fili da su ba ne. A jami'a fawul biyar ne ka fita, ba shida ba kamar NBA, kuma santa in ya yi biyu a kashin farko yawanci benci yake komawa. Mai dogo ɗaya, in an busa masa biyu da wuri, tsarinsa ya rushe. Kocinsu Todd Golden in Chinyelu ya yi biyu sai ya tura wani, ba abin da ya ragu. Maki kuma Walter Clayton ne ke kawowa daga waje.

Abba Fagge: Ke nan dai dogaye.

Koci Sale: Dogayen da ke iya komawa gida kafin ɗan siririn yaron nan ya isa kwando.

Sadik Gajere: Koci har yanzu yaron nan yana maka ciwo.

Koci Sale: Shekara nawa, har yau in na rufe ido ina ganin lambar rigarsa.

Musa Damagaram: Na ƙaru sosai wallahi. Saura abu ɗaya, na ga wasu ba sa bin mutum, kowa yana tsaron yankinsa. Su yaya suke yi da sa bayan da Koci ya faɗa, tunda ba su da mutum takamaimai?

Nura Indiyana: Ciwon zon ke nan, wato tsaron yanki. Jim Boeheim ya shekara da shekaru yana yin biyu a gaba uku a baya a Syracuse, da dogaye masu dogon hannu, har ya ci kofi da shi a 2003, amma kusan kullum ana cin su a ribaun ɗin waje. Kana tsaron wuri, ƙwallo ta tashi, sai ka juya ka nemi wanda za ka tare, shi kuma ya riga ya shigo ta tsakaninku da gudu. Ya yarda da wannan asarar ne don abin da yake samu a wani wurin.

Abba Fagge: Ni dai ban sauka ba. Maris mai zuwa ku zaɓi ƙungiyar da santanta bai kai ƙafa 6 da inci 9 ba, ni in zaɓi tawa. Wanda tasa ta riga fita shi zai sayi tsire.

Hauwa Lissafi: Da tsayi za a auna ko da gaba? A faɗa yanzu, kada Maris ta zo a ce Tugler dogo ne.

Abba Fagge: Da tsayi.

Baba Ɗanladi: To ni ina bayan Hauwa. Admin ka rubuta, kuma nawa tsiren ban da yaji da yawa.